Ranar da Na Shafa wa Bel ɗin Surukina Zuma

Tun da na dawo daga Kanada ban sami sakat ba. Duk matar da ta kawo niƙa sai ta ajiye ƙwarya ta gyara tsayuwa ta ce, "Dada Asabe, wai da gaske ruwa yana daskarewa har mota ta bi ta kansa?" Ina cikin ba wannan amsa wata za ta shigo ta ce a koma daga farko. Ga ƙarar inji, ga muryata da ta fara dishewa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Sai dai ku sani ba kallon ƙanƙara ya kai ni ba. Wankan jego na je yi wa autata Dija, kuma saura kaɗan in dawo ban yi ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce mai injin niƙan da ke bayan kasuwar Rumde Ajiya a nan Garwa. Mijina Malam Sule ne ya kafa shi tun Dija tana goye. Da Allah ya yi masa rasuwa 'yan'uwansa suka ce a sayar, wai mace ba ta iya juya hannun inji. Na ce su ba ni wata guda in gwada, watan nan ne har yau bai ƙare ba. A wurin Malam na koyi sauraren bel, baƙar igiyar robar nan da ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa dutsen niƙa. Idan ya yi sako-sako kukansa daban, idan an ɗaure shi ya wuce kima har yana cin boris kukansa daban. Idan kuwa santsi ya yi, Malam sai ya narka ƙaro a gwangwani, ya tsoma tsinke ya ɗiga masa yana cikin gudu, nan take kukan ya ɗauke. Har yau idan na ji ƙamshin ƙaro a wuta sai in ga kamar zai leƙo daga bayan buhuna, girarsa fari fat da gari.

A cikin wannan ƙara Dija ta girma. A kan buhun masara take aikin makaranta, yatsa ɗaya a kunne. Da ta zama budurwa ta daina biyowa ta wurin da ƙawayenta, ta gwammace ta zagaya ta layin mahauta da su gan ni cikin gari da baƙin mai. Ban taɓa yi mata maganar ba, amma na gani. Ta auri ɗan wani dillalin shanu na unguwarmu, mai hankali, wanda ya yi karatun haƙar ma'adinai, aiki ya kai su can arewacin Kebek a Kanada. Sunansa ba zai fito a bakina ba, kun dai san kunyar suruki.

Da cikinta ya tsufa suka aiko mini da takardu. Biza ta yi ta jan ƙafa har Dija ta haihu, aka yi suna ina kallo ta waya, aka sa wa yaron sunan Malam. Ni da nake ɗora wa matan unguwa tukunya, 'yata ta haihu babu mai ɗora mata. Ranar da fasfo ya dawo na haɗa kaya: busasshen ganyen darbejiya, jar kanwa, garin kunu, yaji, man shanu, da kilishi na surukina. Na bar inji a hannun ƙanwata Talatu, na ja mata kunne a kan bel har sau uku.

Motar Ngawundare na shiga da sassafe. Tun kafin mu gama haye gadar Binuwai na ji wani siririn kuka daga gaba. Na ce wa direba, "Malam, bel ɗin fankarka ya saki." Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajja, ke dai ki riƙa yi mana salati, mota aikina ce." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Muna tsakiyar hawan dutsen nan na falez, inda hanya ke murɗewa, sai tururi ya turnuƙe gaban mota. Awa biyu muka yi a gindin bishiya muna korar ƙudaje. Da ya gama ɗaure-ɗaurensa ya zo ya durƙusa ya ce, "Useko Dada, ki yafe ni." Na yafe masa, amma girman kan da na samu a wurin nan shi na ɗauka har Kanada, kuma shi ya ja mini abin da ya ja mini.

A jirgin ƙasa aka haɗa ni ɗaki da wata 'yar Tibati mai fataucin bandar kifin Mbakawu. Mace ce mai kirki, ta ba ni labarin 'ya'yanta tara ɗaya bayan ɗaya, ta ɗura mini kifi da rogo har na ce tuba nake. Kwandunanta uku suka yi tafiyar jingine da akwatina. A Yawunde na sauka unguwar Hausawa, gidan wata 'yar'uwar Malam. Ita ce ta fara toshe hanci ta ce, "Asabe, me kika zuba a kayan nan?" Muka shanya zannuwa, muka turara su kwana biyu, warin kifi ya ce yana nan daram.

Jirgin sama ba ni da abin faɗa a kansa sai ƙunci. Na yi alwala a wani ban ɗaki da bai kai akurkin kaji ba, abincinsu kuwa burodin kawai na ɗauka. A filin jirgin Monreyal wani kare mai riga ya bar akwatunan mutane kaf ya zo ya zauna gaban nawa. Ma'aikaciyar duwan, wato kwastan, ta buɗe, tana murmushi tana "pardon madam", tana zare kayana ɗaya ɗaya. Kilishi ya tafi, man shanu ya tafi, garin kunu ya bi su. Da ta ɗaga ƙullin ganye na haɗa ɗan Faransancina na kasuwa na ce na wankan mai haihuwa ne. Ta ce ta gane, ta yi mini barka, ta jefa shi a kwandon. Kanwa kaɗai ta bar mini, bayan ta juya ta ta shinshina ta yanke cewa dutse ne. A iyakokinmu akan ɗaga murya a yi rantse-rantse kafin a rabu. Can kuwa doka ce, babu wurin magana, kuma da fara'a ake gaya maka.

Surukina ne ya zo tarona. Ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya gaishe ni, Turawa suna kewaye shi da akwatuna. Ya miƙo mini wata ƙatuwar riga da takalma kamar turmi, kansa a ƙasa. Na ce mayafina ya isa. Ƙofa ta buɗe, iska ta mare ni, na ji gashin hancina ya ƙage, ban san lokacin da na karɓi rigar ba. Daga nan tafiyar wuni guda ce a mota, ni a baya shi a gaba, fari a dama fari a hagu. Ban da "Sannu Dada" da "Yawwa sannu" babu abin da ya shiga tsakaninmu. Da ya tsaya ya sayo abinci na ce na ƙoshi, alhali hanjina kuka yake, don ba zan tauna abu a gabansa ba.

Gidansu na katako ne a bakin wani ƙaramin gari, daji a bayansa. Ranar da na isa Dija tana kwana goma sha biyu da haihuwa, kuma a tsaye na same ta a kicin tana wanke kwanoni. Na rungume ta na ji ƙasusuwa. Ku kun san gidan mai jego a Garwa: hayaƙin itace tun asuba, mata suna shiga suna fita da barka, ƙauri yana tafasa, mai jego tana kwance ana yi mata faɗa in ta ɗaga ko tsintsiya. Can kwana goma sha biyu babu wadda ta tako ƙofar sai ma'aikaciyar asibiti. Na shiga ban ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Washegari na nemi babbar tukunya. Dija ta ce, "Me za ki yi da ita, Dada?"

"Ruwan wankanki mana."

"Kai Dada, a'a. Infirmiya, ma'aikaciyar asibitin nan, ta hana. Ta ce tafasasshen ruwa yana taɓa zuciya, kanwa ma haka. Ina shiga shawa, ya isa."

"Ni da na haife ku ku shida, wace zuciyar ce ta taɓu?"

"Pardon Dada, nan ba Garwa ba ne."

Haka ya zama a kan komai. In na ɗauki jikana, wanda nake kira Maigida tunda sunan Malam gare shi, sai ta ce na wanke hannu? In na kwantar da shi rub da ciki ta zo ta juya shi. Kwalli a'a, ɗigon ruwa a baki a'a, miƙar da gaɓoɓi bayan wanka a'a. Ba ta ɗaga mini murya, amma yaron ba ya minti biyar a hannuna sai ta sami dalilin karɓa. Kwanakin arba'in suna ta zubewa ina zaune gaban taga kamar kayan da aka manta a tasha. Shirun garin ya fi sanyinsa damuna. In na rufe ido sai in ji jajibirin salla a Rumde Ajiya, layin ƙore har bakin titi, mata suna gardamar wa ya riga wa, Malam yana ihu a kan ƙarar inji. In na buɗe, babu ko kaza a waje. Abin ya ci ni ƙwarai. Na tsallako duniya don in yi wa 'yata abu ɗaya da na iya, ga shi tana tsoron hannuna.

Maƙwabcinsu wani tsoho ne mai suna Jilber, dogo mai jan hanci, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni. Shi kaɗai ke ƙwanƙwasa mana ƙofa. Faransancinsa kamar da goro a baki yake yinsa, sai da na yi mako kafin in fara tsintar kalma. Shi ya kawo mana gwangwanin zumar itace, wadda suke tatsa daga jikin bishiya su dafa. Suna zuba ta a kan komai, har wake, har nama. Na ɗanɗana na ce ba laifi. Abin da na fi lura da shi shi ne yadda ɗigon da ya zuba a tebur ya kama mini yatsa.

Shi ne kuma ya sayar wa surukina tsohon babur ɗin ƙanƙara, wanda suke kira motonej. Ba shi da taya. Gabansa ƙafafu biyu ne dogaye masu sulɓi, bayansa wata shimfiɗar roba mai haƙora da ke tura shi. Da shi suke shiga daji, da shi suke zuwa kamun kifi a kan tabkin da ya daskare. Duk ranar hutu surukina zai tayar da shi a garejin da ke manne da kicin, kuma duk tashi sai na ji siririn kukan bel mai santsi. Kukan nan ya hana ni sukuni. A duk ƙasar shi ne abu na farko da na ji na gane ba tare da an fassara mini ba.

Da wani ne da na faɗa masa kai tsaye, kamar yadda na faɗa wa direba. Amma ta yaya zan tare surukina in ce masa bai iya kula da abin hawansa ba? Dija kuma na riga na san amsarta. Wata Juma'a ya tafi aiki, ita da Maigida suna barcin rana, na zuba zumar nan a ƙaramar tukunya na dafa ta har ta yi kauri tana jan zare kamar narkakken ƙaro. Na shiga gareji na lalubi murfin gefe na buɗe. Ga bel nan, gajere mai kauri, cikinsa da tsaga-tsaga, yana zaune a kan fuli biyu, wato faya-fayan ƙarfen da yake juyawa a kai. Gefensa har ƙyalli yake don santsi. Na yi bisimilla na shafe shi tas da cokali, na mayar da murfi, na wanke tukunya. Ranar da daɗi na ci abinci.

Asabar da safe ya shirya zai je ya sami Jilber a bukkarsa ta kamun kifi. Na kasa kunne da ya tayar, ban ji kuka ba. Babur ɗin ya yi wata zabura da zai fita, na ce a raina ƙarfi ne ya dawo. Azahar ta yi, la'asar ta kusa, wayarsa ba ta shiga. Dija tana kaiwa tana komowa da yaro a kafaɗa. Can sai ga Jilber ya goyo shi a bayan nasa babur, suna jan namu da igiya. Ashe a tsakiyar daji bel ya yi hayaƙi ya tarwatse, inda babu rezon waya, kuma ba shi da na canji. Ya yi ta takawa cikin ƙanƙara mai kai gwiwa fiye da awa biyu kafin tsohon ya ji shiru ya biyo hanya. Yatsunsa biyu sun yi fari kamar ɓararren rogo. Dija ta tsoma su a ruwa mai ɗumi, yana cije leɓe hawaye na zubo masa.

Jilber ya buɗe murfin a gareji, ya sunkuya ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya dangwali baƙin abin da ya manne a fuli ya kai harshe. Ya ce, "Wannan ai zumata ce."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce ni ce. Na faɗi dalili, na ambaci ƙaro, na ambaci Malam. Surukina, Allah ya yi masa albarka, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai Dada, alheri kika nufa." Dija kuwa ta jira sai da muka koma ciki mu biyu. Sannan ta ce, "Da Jilber bai bi sawunsa ba fa? Kin ga abin da nake tsoro ke nan. Ba kya tambaya, Dada. Abin da kika sani kawai kike yi. Yau babur ne, gobe yaron nan ne." Na shiga ɗaki na buɗe akwati na fara ninke zannuwa, duk da saura mako uku a tikitina.

Litinin da hantsi Jilber ya ƙwanƙwasa. Ya ce wa Dija madam bakanike yake nema, wanda ya ɓata shi zai gyara. Na so in ƙi. Ya tsaya a ƙofa a buɗe, sanyi yana kwararowa, har sai da na sa rigar na bi shi.

Garejinsa akwai murhun itace, ga warin mai da roba, ga sufanu a rataye kowanne a ƙusarsa. Ina shiga na ji ƙirjina ya saki, don tun da na bar Garwa ban shaƙi warin da na sani ba. Ya riga ya jawo babur ɗin can, ya ba ni soson wanke tukunya ya ce in kankare zumar. Ina kankarewa yana dariya har da tari. Da ya huce ya nuna mini kuskurena da hannu. Fulin nan ba irin namu ba ne. Bakinsa buɗewa yake yana rufewa, bel ɗin yana hawa yana sauka a tsakani, da haka babur ke canja gudu. Namu so ake ya kama ya riƙe, nasu kuwa dole ya kama kuma ya sami hanyar zamewa. Na manne abin da aka yi don ya motsa, zafi ya taru ya cinye shi.

Daga nan ya sa ni a mota zuwa shagon sayen sabo. Na kai hannu kan wanda ya fi araha tunda duk baƙaƙe ne, ya buge mini hannu. Ya nuna mini lambar da ke bayan guntun tsohon, ya ce ko tsawo ya yi daidai, in faɗi ya gaza ko da kaɗan ne bel ɗin zai nutse cikin fuli ya yi ta zamewa. Ya lanƙwasa sabon ya duba ko akwai tsaga, ya bi gefensa da yatsa ko zare ya leƙo. Biyu ya sa aka ɗauka, na hawa da na ajiya, ya ce shi ko gidan maƙwabci ba ya zuwa da bel ɗaya. Na tuna Malam yana tafiya har Yola saboda bel, da tsohon a jaka don ya gwada. Yakan shinshina robar, ya ƙi duk wanda ya sha rana a rataye komai rantsuwar mai shago. Da an haɗa su biyun da sun wuni suna hira ba tare da sun ji harshen juna ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki sai da muka dawo. Ya tara ruwa a roba, ya tsoma hannu ya ji ɗuminsa, ya sa sabulu, ya ce in wanke sabon bel. Na ce sabo fil? Ya ce akwai wani maiƙo da yake fitowa da shi daga inda aka yi shi, in ba a wanke ba shi ne santsin farko. Na ce to a ƙara zafi ya fi fita. Ya ce a'a, tafasasshe yana gajiyar da roba, mai ɗumi ya isa. Muka shanya shi sai washegari. Ya nuna mini kibiyar da ke bayansa, ya ce ta nan zai riƙa juyawa har ya mutu, in an cire a mayar yadda yake. Tafiyar farko a hankali ake yi, ba a ba shi wuta duka, ba a jan kaya, a riƙa tsayawa ya huce har shi da fuli su saba. Kullum da safe a bar inji ya yi ɗumi, a ɗaga bayan babur a girgiza, don in ƙanƙara ta riƙe shi a ƙasa bel ne zai ƙone a wuri ɗaya. In lokacin zafi ya zo a cire shi a ajiye a inuwa.

Na ce, "Mesiye Jilber, wannan ai jego ne." Na yi masa bayani iya Faransancina. Ya ce da matarsa ta ji wannan da ta yi dariya. Ya ɗaga wani bargo a lungu ya nuna mini nata babur. Shekara shida ba a hau shi ba, amma duk shekara yana cire bel ɗin ya duba ya mayar. Na taya shi mayar da bargon, kowa da wanda yake tunawa.

Da muka ɗora sabon ya tayar, ya ɗaga mini babban yatsa. Ni kuwa na ce ya kashe. Kukan yana nan, ƙasa-ƙasa, a ƙarƙashin ƙarar inji. Ya ce shi bai ji komai ba. Wannan karon ban kai hannu ba sai da na tambaya ko zai bar ni in gwada wani abu. Na zaro zare daga bakin mayafina na miƙe shi daga fuli zuwa fuli, yadda Malam yake yi. Zaren ya kwanta a ɗaya ya bar ɗaya. Tsohon ya ɗauko ƙarfen awonsa ya gwada, ya cire hula ya sosa kai. Robar da inji ke zaune a kai ce ta lotse, injin ya ɗan karkace, shi ne yake cin gefen bel tun kafin in san zan zo ƙasar. Ya ce shekara uku ya yi yana canja wa babur ɗin nan bel yana zagin masu yin su.

Da ya gyara ya ce tafiyar farko da ni za a yi. Ya kifa mini hular kwano a kan ɗankwali, na hau baya ina karanta duk addu'ar da na sani. A hankali muka bi ta cikin itatuwa har kan tabki, ya tsaya don bel ya huce. Ya nuna mini ramin da suke hudawa su zura ƙugiya. Na tsaya a kan ruwa da ƙafafuna biyu, na ce ina ma masuntan Binuwai su gan ni.

Da yamma ya rako ni har kicin ya faɗa wa Dija da surukina duk abin da ya faru. Ya ce mata, "Kunnen mamanki ya fi kayan aikina. Maganinta ne kawai na wata ƙasa." Dija dai ta ci gaba da jijjiga yaro. Amma daga ranar na canja. In zan ɗauki Maigida sai in ce, ya ake yi a nan? Ta nuna mini, in yi yadda ta ce, ko da a raina ina ganin wauta ce. Wallahi da ciwo mace mai shekara sittin ta koyi riƙon jariri a wurin wadda ta goya. Na haɗiye, na ci gaba da tambaya.

Ranar da ta cika kwana talatin da bakwai, da hantsi, surukina ya tafi aiki, yaro ya yi barci. Ina ɗaki ina jan carbi sai na ji ruwa yana zuba a ban ɗaki, ya daɗe yana zuba. Dija ta leƙo da ɗaurin ƙirji. Ba ta dube ni ba ta ce, "Dada, bayana ciwo yake tun da na haihu. Ban gaya wa kowa ba."

Na ajiye carbi na tashi. Ta tara ruwa a baho. Na tsoma hannu na ce, "Ya yi miki, ko a sirka?" Ta ce a ƙara mai zafi kaɗan. Na ƙara, na tsaya daidai inda ta ce. Ta zauna a 'yar kujera ta ba ni baya. Na jiƙa tawul na fara gasa mata daga kafaɗa zuwa ƙugu, ina dannawa da tafin hannu. Rabona da bayan nan tun tana 'yar shekara bakwai, duk ya ɗaure ya yi tauri. Can na ji kafaɗunta suna rawa.

Ta ce, "Dada, na gaji. Tun da na zo ƙasar nan babu wanda ya ce mini zauna in yi miki."

Na ce, "To zauna."

Ta kamo hannuna, wannan mai kaushi da tabon inji, ta ɗora a kumatunta ta riƙe. Ruwa yana hucewa, ban ce mata ta saki ba.

Kwana uku suka rage, kuma duka ukun na yi mata. Arba'in ta cika ran Alhamis. Ran Juma'a da hantsi na sake jin ruwa yana zuba a baho. Na leƙa na ce, "Dija, ai jego ya ƙare."

Ta ce, "Na sani, Dada. Zo."